Tayoyin Motar Fauzia

Nima, Akra
9 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga 'yata Fauzia,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Zulkarnaini da yara. Yaya sanyin Amurka, yaya aiki? Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ɗauke wuta. Ranar Lahadi na je Maamobi wurin mahaifiyarki, Yaya Lamisi. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Gwiwar tana damunta, amma ba ta fasa zuwa rumfarta a Kasuwar Malam Atta ba.

Ki yi haƙuri da takarda. Shekara talatin ina zaune gefen injin hura iska a shagon faci, ya cinye mini kunne, in aka kira ni a waya rabin magana nake ji. Gara in rubuta in ɗauki hoton in turo miki.

Maganar motar lantarkin da kika aiko kika ba ni amana ce. Wata huɗu ke nan da muka fito da ita daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Tana kwana a gidan abokina a Kanda inda ake yi mata caji, direban da na samo yana ɗaukar amare da baƙin filin jirgi, abin da aka samu yana isa hannun mahaifiyarki kamar yadda kika ce. Mota ce ta ban mamaki. Ba ƙara, ba hayaƙi, in aka taɓa ta sai ta zabura, bayanka ya manne da kujera.

Amma shekaranjiya na zura hannu bayan tayar baya, don haka nake yi wa kowace mota, sai wayar ƙarfe ta soke ni a yatsa. Na ɗaga ta da jak. Fauzia, ta waje tayoyin kamar jiya aka sayo su, amma gefensu na ciki, faɗin yatsa uku, ya suɗe har ƙarfe ya fito. Duka biyun. Na gaba kuwa lafiya lau. Da na tsaya a baya na dube ta da kyau, ƙafafun bayan sun yi gwame, sama ya shiga ciki, ƙasa ya buɗe. Ga nauyin batir, ga ƙarfin da take fizga da shi, duk a kan ɗan gefen nan yake sauka.

Na cire su na sa mata na gwanjo guda biyu don kada aiki ya tsaya. Naki suna shagona, akwai wani mutum daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota, da zai zo ya gan su.

Ki tambayar mini Zulkarnaini, tunda shi ya sayo ta: an taɓa buge motar nan ta baya?

Kawunki,
Moro mai faci

*

Bronx
2 ga Maris, 2024

Kawu Moro,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna makaranta. Na gode da ka duba mini Mama. Na daɗe ban amsa ba saboda aiki, kuma saboda na rasa ta inda zan fara.

Na karanta takardarka sau uku. Na tambayi Zulkarnaini, ya ce ba a taɓa buge motar ba, daga hannun wani likita ya saye ta, kuma tayoyin sababbi ne aka sa kafin a loda ta a jirgi. Ya ce irinsu sukan yi shekara biyu ana gudu da su. To yaya aka yi suka mutu a wata huɗu?

Ƙanena Basit ya turo mini hoto. Ga tayoyina a jingine da bangon shagonka, baƙi ƙirin, har rubutun jikinsu ana karantawa. Ga kuma motata da wasu tsofaffi masu fari-fari a ƙafarta. Sai na koma takardarka na ga inda ka ce akwai mutumin Abossey Okai da zai zo ya gan su. Kawu, ni ma a Maamobi aka haife ni. Na san abin da mutumin Abossey Okai yake zuwa gani.

Ba na so in faɗi maganar da zan yi nadama. Kakarka da kakar Mama ciki ɗaya suka fito, shi ya sa na tsallake Basit, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba ka makulli, har ya yi fushi da ni. Na ce kai babba ne, kuma taya sana'arka ce. Yanzu Zulkarnaini yana ce mini ai da ma ba a ba mai faci ajiyar sabuwar taya.

Ka faɗa mini gaskiya. In wani matsi ne ya same ka, da ka faɗa mini, wallahi da na fi jin daɗi.

Fauzia

*

Nima
4 ga Maris, 2024

Fauzia,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke. Matata Awabu tana gaishe ki, ko da yake ban bari ta ga abin da kika rubuto ba.

Mutumin Abossey Okai sunansa Wasiu. Ba mai sayen taya ba ne, mai daidaita ƙafafun mota ne, aikin da suke kira alaimen. Na kira shi ne don ya duba yadda tayoyin suka ci ya gaya mini dalili. Da kin tambaye ni, da layi ɗaya ya ishe mu.

Ya zo, ya gani, ya ce a kai masa motar. Ya ɗora ta a kan na'urarsa, ƙafafun gaba suka daidaita, na baya suka ƙi. Ya juya duk abin da ake juyawa har ya ƙure, suna nan a karkace. Sai muka shiga ramin gareji da tocila. Ya kankare baƙin fenti da wuƙa a jikin ƙarfen da yake riƙe da ƙafafun baya, sai ga walda. Da idona na gani. Ya ce irin waɗannan motoci ko da lafiyarsu suna cin tayar baya, saboda nauyi da fizga, to balle wadda ƙarfenta ya lanƙwashe aka miƙar. Ya ce sai an sake ƙarfen gaba ɗaya, in ba haka ba kowace taya aka sa haka za ta yi.

Yanzu bari in ba ki labarin hoton. Basit ya zo shagona ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da titi ya cika. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Kawu, ina tayoyin yayata?"

Na ce, "Ga su nan. Juya su ka ga cikinsu."

Ya ce, "Ba abin da zan juya. Jama'a ku zo ku gani! Yarinya tana can tana wanke kashin tsofaffin Turawa, dattijo yana nan yana kwance mata mota."

Mai sayar da koko ta bar tukunyarta ta zo. Direbobin trotro, motocin haya, guda biyu da suke jiran in yi musu faci suka tsaya suna kallo. Na sake cewa ya juya su. Ya ɗauki hoto ta gefen da yake so ya tafi.

Ban so in faɗa ba, amma tunda an kai nan: tun watan Disamba Basit yake karɓar motar daga hannun direba da sunan ke kika ce. An sha ganinsa a fitilar hanyar Kanda, yana jira ta ba da hannu ya fizge ta abokansa suna ihu. Wannan ma yana cin taya. Na yi shiru ne don kada in shiga tsakaninki da ɗan'uwanki.

Ga hoton cikin tayoyin na haɗa da wannan takarda, ga na waldar. Ki duba. A ajiye motar nan har a gyara.

Moro

*

Bronx
5 ga Maris, 2024

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Na ga saƙo ya shigo daga wurinka jiya, ban buɗe ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, ba ni da ƙarfin karanta wani dogon bayani. Awa goma sha shida na yi a tsaye. Bayana kamar zai tsinke.

Na yi magana da Mama da Basit. Mama kuka take yi, ta ce a kasuwa ana nuna ta ana cewa ɗan'uwanta ya cuci 'yarta. Ni na gaji. Shekara tara ina ƙasar nan, duk abin da na aiko gida sai ya zama labari. Na aiko firji, aka ce wuta ta ƙona shi. Na aiko keken ɗinki, aka ce an sace. Kowa yana da bayani mai daɗi, kuma kowa ya fi ni sanin abin da ya faru, tunda ni ba na nan. Motar nan ita ce abu na farko da na ce zai riƙe Mama ta huta da kasuwa.

Ka ba Basit makulli da takardun mota. Ka mayar da tayoyina inda ka cire su. Ba na neman komai bayan wannan, kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Zumunci ya fi mini taya biyu.

Fauzia

*

Nima
11 ga Maris, 2024

Fauzia,

Salamu alaikum. An ga wata, mun ɗauki azumi yau. Allah ya karɓa mana.

Na ba Basit makulli da takardu a gaban Limamin unguwarmu, don kada gobe a ce na riƙe wani abu. Tayoyin ma na ba shi. Amma na ce masa hannuna ba zai ɗaura su a mota ba, ko za a yanka ni. Ya yi dariya, ya sa su a but ɗin motar, ya kai wa wani mai facin da ba ya tambaya. Na ji an ɗaura.

Kin ce zumunci ya fi miki taya biyu. Wato kin yafe mini satar da ban yi ba. Na gode.

Tunda ba kya karanta dogon bayani, ga gajere. Direbobin da suka shekara goma suna kawo mini aiki yanzu suna wuce ni zuwa gaba. Wanda ya tsaya kuma ba ya matsawa daga kan tayarsa har in gama, wani har alama yake yi mata da alli. Ranar Asabar an yi suna a gidan wasu danginmu a Maamobi, na gaida Yaya Lamisi, ta gyara mayafi ta dubi bango. Ni da ita muka tashi a tsakar gida ɗaya. Ranar da mahaifinki ya rasu ni na shiga kabari na karɓe shi.

Duk wannan nawa ne, zan ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ki karanta wannan layin ko da ba ki karanta sauran ba. Kada a sa mahaifiyarki a motar nan a hau babbar hanya. A cikin gari, a hankali, wataƙila ta kai wasu kwanaki. Amma in aka sake ta a hanyar Tema da rana tsaka, kwalta da zafi, tayar nan za ta fashe, kuma ta baya ce, direba ba zai iya riƙe ta ba. Na faɗa wa Basit haka a gaban Liman. Na faɗa miki.

Moro

*

Bronx
28 ga Afrilu, 2024

Kawu Moro,

Assalamu alaikum. Ban san ko ina da bakin gaishe ka ba. Yaya Inna Awabu? Yaya jikinka?

Na san ka riga ni sanin komai, kai da kake can. Washegarin sallah Basit ya ɗauki Mama da ƙawarta za su gaisuwa Ashaiman, tayar baya ta hagu ta fashe a hanyar Tema, motar ta juya ta daki ƙarfen gefen titi. Basit ya fita da ƙujewa kawai. Mama ƙugunta ya karye. Likita ya gaya mini a waya cewa a shekarunta, ko ta tashi, sai da sanda, kasuwa kuwa ta gama. An ce kai ne ka fara isa asibitin kafin kowa a dangi, kuma kai ka ba da jini. Basit bai faɗa mini ba, ƙawar Mama ce ta faɗa.

Sai a ranar na buɗe takardarka ta huɗu ga Maris. Wata guda da kwanaki tana cikin wayata. Na ga wayoyin ƙarfe a cikin tayar, na ga waldar. Ta ƙarshen kuwa na karanta ta tun lokacin, amma na ɗauka fushi ne yake sa ka tsorata ni.

Na jira Zulkarnaini ya fita aiki na buɗe akwatin takardunsa. Kawu, ba wani likita. A wurin gwanjon motocin da suka yi hatsari ya saye ta. Ga hotonta nan kafin gyara, bayanta a murƙushe har gilashi. Wani gareji ya miƙar da ƙarfen ya shafe da fenti. Da na nuna masa, ya ce bai ɗauka abin zai kai haka ba, wai kowa haka yake yi, wai ya so ya faranta mini ne da mota mai kyau. Tun ranar da ka yi tambayarka ta farko ya san amsar. Yana zaune a gefena ina rubuta maka waccan takardar, shi ya ce in sa maganar mai faci da sabuwar taya.

Ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini.

Takarduna ba su ba ni damar fita in dawo yanzu ba, don haka ba zan iya zuwa ba. Ina roƙonka ka ci gaba da duba Mama, don na san Basit ba zai iya ba.

Akwai kuma wani roƙon, ina jin nauyinsa. Maganar gwanjon nan ta tsaya tsakanina da kai. Mahaifin Zulkarnaini mutum ne da ake girmamawa a Nima, yana da hawan jini, ga ƙannensa mata biyu da ake neman aurensu. In aka ji shi ya jawo wa Mama wannan, aurena ba zai kai ba, kuma ina da yara uku. Kai mutum ne mai haƙuri. Magana tana wucewa, mutane za su manta.

'Yarka,
Fauzia

*

Nima
19 ga Mayu, 2024

Fauzia,

Wa alaikumus salam. Awabu tana lafiya. Mahaifiyarki an sallame ta, tana gida. Ba ta iya juyawa da kanta, Awabu ce take zuwa da safe ta yi mata wanka, ni kuma in na idar da la'asar in je in ɗaga ta a gyara shimfiɗa. Tana cin tuwo kaɗan. Rumfarta an ba wata. Wannan ba sai kin roƙe ni ba, 'yar'uwata ce tun kafin a haife ki.

Mako uku na yi kafin in amsa miki, don na so in rubuta ba da zafi ba. Ban sani ba ko na iya.

Kin ce mutane za su manta. Bari in gaya miki abin da suke tunawa. Tunda na faɗa a gaban Liman cewa tayar za ta fashe a hanyar Tema, ta kuma fashe a hanyar Tema, Basit yana bin majalisa yana cewa baki na yi wa motar don an ƙwace ta daga hannuna. Wasu sun ce huda tayar na yi ta ciki kafin in bayar. Da ɓarawo ne kawai ni, yanzu na zama wanda ya nemi ran 'yar'uwarsa. Wata mata ta janye ɗanta daga gaban shagona da na miƙa masa ruwa. Jiya tun safe har magariba taya ɗaya na yi wa faci, ta baro ce.

Mahaifiyarki ma ta ji. Ranar Talata ina ɗaga ta, hannunta a wuyana, ta ce mini a hankali, "Moro, in na yi maka laifi ai da ni kaɗai ka yi wa, ban da yarona Basit." Na kwantar da ita, na gyara mata matashi, na fito. Amsar tana cikin aljihuna, a wayata, da hoton motar a murƙushe. Ban nuna mata ba.

Yafiya kuwa, abin da kika yi cikin rashin sani na yafe, Allah ya yafe mana duka. Kin gaji, kina nesa, mijinki ya yi miki ƙarya. Amma wannan roƙon na biyu da saninki kika yi shi. Kin auna mahaifin Zulkarnaini, kin auna ƙannensa, kin auna aurenki, kika ga duk sun fi ni nauyi. Ni ma ina da 'ya mace a gida, Sadia, kuma mutanen da suka zo gaisuwar neman aurenta kafin azumi ba su dawo ba.

Ba zan yi yawo da takardarki ba. Ba halina ba ne, kuma ba na so a ce ni na kashe miki aure. Amma a bakin titi aka zage ni ranar Juma'a, ba zan karɓi haƙuri a ɓoye cikin waya in ce shi ke nan ba. Ki rubuta wa mahaifiyarki gaskiya, ki rubuta wa Liman. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Ki ce motar da lahaninta ta zo, Moro bai ɗauki komai ba, bai yi wa kowa baki ba. Layi uku ne.

In kin yi, zan sani, don Nima ba ta riƙe labari. In ba za ki iya ba, ki riƙa tambayar Awabu jikin mahaifiyarki, za ta gaya miki. Ni kada ki sake rubuto mini.

Moro